Ku Zana Tsibin Kafin Ku Buɗe Tebur

'Ya'yana ɗalibai, maza da mata: Duk malamin da ya daɗe yana koyar da ƙididdiga zai gaya muku cewa akwai wata kwana da ɗalibai ke yawan zamewa a cikinta shekara da shekaru, wato wurin mayar da makin z zuwa fasentayil ko yiwuwa. Abin da ke damuna shi ne masu zamewar ba raggaye ba ne. Yaro zai haddace ƙa'ida tsaf, ya yi ɗebewa da rabawa ba kuskure, ya fitar da z ɗinsa daidai, amma a takin ƙarshe sai ya ɗauko lambar da ba ita aka tambaye shi ba. Da a ce ɓarnar a takardar jarrabawa take tsayawa, da da sauƙi. To amma yaran nan ne gobe za su zauna a asibiti suna auna jarirai, ko a ofis suna tantance masu neman gurbin karatu, ko a masana'anta suna duba kaya kafin a fitar kasuwa. Shi ya sa nake so ku ba ni aron kunnuwanku, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Mu fara daga tushe. Makin z amsar tambaya ɗaya ce tak: wannan awon, nisansa daga matsakaici ya kai sigima nawa? Sigima ita ce ma'aunin bazuwar lambobi, ita ke nuna ko sun cure kusa da matsakaici ko sun watse nesa da shi. Mu ƙaddara an yi jarrabawar lissafi, matsakaicin maki 60, sigima 8. Ɗalibar da ta ci 72 ta ɗara matsakaici da maki 12; a raba 12 da 8, a sami 1.5. Shi ke nan makin z ɗinta. Mu ce kuma ta ci 78 a Hausa, inda matsakaici yake 74, sigima 10. A nan z ɗinta 0.4 ne kawai. Mahaifinta in ya ga sakamako zai yaba mata a kan 78, alhali a lissafin da ta ci 72 ne ta fi yi wa sa'anninta nisa. Amfanin makin z ke nan: yana ɗora abubuwa mabambanta a kan sikeli guda.

Sai dai z shi kaɗai bai gaya muku mutum nawa ta wuce ba. A nan ne rarrabuwar nomal ke shigowa, wadda wasu ke kira rarrabuwar Gauss. Ku tuna yadda gero ke taruwa in an zazzage buhu a kan tabarma, ku dube shi daga gefe: tsakiya ta yi tudu, hagu da dama kuma su yi ta sirancewa daidai wa daida har su ƙare a 'yan ƙwayoyi. Haka siffar take. Tsibin gaba ɗayansa shi ne 1, wato kashi 100 cikin 100. Ƙololuwarsa tana kan matsakaici, inda z yake 0, rabi a hagu rabi a dama. Makin z wuri ne da za ku ja layi a jikin tsibin, tebur kuma aikinsa ya gaya muku yawan abin da layin ya yanke.

Wannan ilimi ba jiya aka fara shi ba. Abraham de Moivre, Bafaranshen da ya yi zamansa a Landan, shi ya fara fitar da wannan siffa a 1733 yana lissafin abubuwan da ke faruwa bisa dace. A 1809 Carl Friedrich Gauss na Jamus ya yi amfani da ita wajen fahimtar kurakuran da ke shiga awon masu nazarin sararin samaniya, har daga baya Jamus ta sa hotonsa tare da zanen siffar a takardar kuɗinta ta mak 10. Adolphe Quetelet na Beljiyam kuwa shi ya ɗauko ta ya ɗora a kan jikin ɗan Adam, ya nuna awon ƙirjin sojojin Sukotlan sama da 5,000 yana bin wannan tsari. Mutanen nan da alƙalami da takarda suka yi aikinsu, suna kallon siffar da idon zuci kafin su rubuta lamba. Ku da kuke da kalkuleta a aljihu, kada sauƙin na'ura ya raba ku da wannan ɗabi'a.

Saboda haka nasihata ta farko, wadda sauran duka suka rataya a kanta, ita ce ku zana kafin ku duba. Ɗana, ko da minti biyu suka rage maka, ja layin kwance, ka zana tudun a kai, ka sa 0 a tsakiya, ka sa alama inda z ɗinka yake, sannan ka cike ɓangaren da tambaya ke nema da fensir. In an ce "ƙasa da", hagu za ka cike. In an ce "sama da", dama. In an ce "tsakanin", abin da ke tsakanin layuka biyu. Da zarar ka cike, idonka zai gaya maka ko amsar ta fi rabi ko ba ta kai ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Na sha ganin takardar da aka tambayi yiwuwar cin sama da 72, ɗalibi ya rubuta 0.9332 ya ja layi biyu a ƙasa. Da ya yi zane, da ya ga cewa ɗan siririn gefen dama ne ake nema, kuma ba yadda za a yi siririn gefe ya ɗauki kashi 93 na tsibi. Amsar ita ce 1 a ɗebe 0.9332, saura 0.0668. A cikin ɗalibai 1,000, kimanin 67 ke nan suka fi ɗalibarmu, ita kuma tana kan fasentayil na 93.

Daga zane sai sanin halin teburin da ke hannunku, domin kowane allazi da nasa amanu. Tebura iri uku ne ke yawo a littattafai. Wani yana ba da filin da ke hagu da z gaba ɗaya, wani yana ba da filin da ke tsakanin 0 da z kawai, wani kuma yana ba da jelar dama. Ku nemi 1.5 a na farko, za ku ga 0.9332, a na biyu 0.4332, a na uku 0.0668. Duka ukun gaskiya suke faɗa, tambayoyin da suke amsawa ne suka bambanta. Ɗalibin da ya saba da teburin littafinsa, ya shiga zauren jarrabawa aka miƙa masa wani, in bai tsaya ya duba ba zai rasa 0.5 ko ya ƙara ta inda ba a buƙata. Gwajin kuwa ba ya cin lokaci. Ku kalli lambar farko, inda z yake 0.00. In kun ga 0.0000, teburin daga tsakiya yake ƙirga. In kun ga 0.5000 kuma lambobin suna hawa, daga hagu yake tarawa. In 0.5000 ne amma suna sauka, jelar dama ce. Haka kalkuletocin Casio da yawancinku ke riƙewa suke da P da Q da R a sashen ƙididdiga: P hagu gaba ɗaya, Q daga tsakiya, R jelar dama. A Excel kuma NORM.S.DIST in an sa mata TRUE daga hagu take tarawa. Wajen karanta teburin kansa, ku sa yatsa a kan layi. In z ɗinku 1.96 ne, ku gangara zuwa 1.9, ku bi layin zuwa ƙarƙashin 0.06, ku tarar da 0.9750. Tsallake layi ɗaya ya isa ya ɓata aikin shafi guda.

Sai kuma alamar ɗebewa, wannan ɗan guntun layi da ake sawa a gaban lamba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Yaron da ya ci 52 a jarrabawarmu yana ƙasa da matsakaici da maki 8, z ɗinsa −1 ne. Fasentayil ɗinsa 16, domin filin da ke hagunsa 0.1587 ne. In alamar ta faɗi a hanya aka duba 1, sai a sami 0.8413, a ɗauke yaron da ke buƙatar ƙarin darasi a zaunar da shi cikin na gaba-gaba. In teburinku ba shi da ɓangaren z mai alamar ɗebewa, kada ku firgita. Tsibin daidai yake hagu da dama, abin da ke hagu da −1 shi ne daidai abin da ke dama da 1, wato 1 a ɗebe 0.8413. Da wannan kuma za ku iya fitar da na tsakani: waɗanda suka ci daga 52 zuwa 72 su ne 0.9332 a ɗebe 0.1587, wato 0.7745, kusan ɗalibai 77 cikin kowane 100. Filaye ake ɗebewa, ba makin z ba. Wanda ya haɗa 1.5 da 1 ya nemi 2.5 a tebur ya amsa wata tambaya ce daban.

Akwai wani tarko tun kafin a kai ga z. Wasu tambayoyi ba sigima suke bayarwa ba, bariyans suke bayarwa, wato sigima da aka ninka da kanta. In aka ce bariyans 64 ne, sigima 8 ce. Mai gaggawa zai raba 12 da 64 ya sami 0.19, ɗalibar da ke fasentayil na 93 ta dawo na 58 ba tare da ta yi laifin komai ba. Ku karanta tambaya sau biyu kafin ku taɓa alƙalami. Sannu ba ta hana zuwa.

Domin ku tsira daga yawancin waɗannan, ku riƙe 'yan lambobi kaɗan a ka yadda kuka riƙe lambar wayar gida. Tsakanin −1 da 1 akwai kimanin kashi 68 cikin 100. Tsakanin −2 da 2, kimanin kashi 95. Tsakanin −3 da 3, kashi 99.7. Makin 1.28 yana kan fasentayil na 90, 1.645 na 95, 1.96 na 97.5, 2.33 na 99. Wanda ya riƙe waɗannan yana da alƙali a cikin kansa. In na'ura ta ba shi abin da bai yi kama da hankali ba, zai tsaya ya sake dubawa. Kuma su ne makaminku idan tambaya ta juyo ta baya. A ce makaranta za ta ba kashi 10 na sama kyauta, wane maki ne iyaka? Kashi 90 na hagu da layin, z ɗinsa 1.28. A ninka 1.28 da 8 a sami 10.24, a ɗora a kan 60, iyakar ta zama 70.24. A irin wannan tambaya cikin tebur ake neman 0.9000 ko mafi kusa da ita, sannan a fito gefe a karanta z. Da yawa suna zuwa gefe su nemi 0.9 kamar ita ce z, su dawo da 0.8159 suna mamakin abin da za su yi da ita.

Ku lura kuma da bambancin 1.645 da 1.96, domin dukansu ana danganta su da kashi 5 cikin 100. Na farko yana tara kashi 5 ɗin a jela ɗaya. Na biyu yana raba shi biyu, 2.5 a hagu, 2.5 a dama. In damuwarku ita ce kada buhu ya gaza nauyi, jela ɗaya kuke kallo. In damuwarku ita ce kada ƙwayar magani ta gaza ko ta zarce ƙima, jela biyu ce. Tambayar da rayuwa ta kawo ita ke zaɓar jela, kuma tun kafin a ga sakamako ake zaɓa. Wanda ya jira ya ga lambobi sannan ya zaɓi jelar da za ta ba shi abin da yake so, ya ci amanar aikinsa.

Yanzu ga wani ruɗani da ke bin mutane har bayan sun gama makaranta: ɗaukar fasentayil a matsayin maki cikin ɗari. Kama da wane ba ta wane. Ɗalibarmu 72 ta ci cikin 100, amma fasentayil ɗinta 93, ma'ana ta wuce kashi 93 na waɗanda suka zauna tare da ita. Na farko yana magana a kan tambayoyin da ta amsa, na biyu a kan mutanen da ta bari a baya. Kuma takun fasentayil ba daidai suke da juna ba. Daga z na 0 zuwa 0.5, mutum ya tashi daga na 50 zuwa na 69. Daga 2 zuwa 2.5, tazara iri ɗaya, amma daga 97.7 zuwa 99.4 kawai ya motsa. A tsakiya jama'a sun cunkushe, ɗan motsi kaɗan sai ka wuce mutane da yawa. A jela kuwa sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka riski wani. Don haka kada ku tara fasentayil na darussa ku raba don neman matsakaici. Ku yi lissafinku da z, sai a ƙarshe ku mayar.

'Yata, ke da kike karatun jinya ko kiwon lafiyar al'umma, wannan darasi ya fi kusa da ke. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin girman yara, bayan binciken da aka yi daga 1997 zuwa 2003 a kan yara kimanin 8,500 a Birazil, Ghana, Indiya, Nowe, Oman da Amurka. Da makin z ake karanta shi a asibitocin Najeriya da Nijar. Yaron da nauyinsa, in an gwada da tsayinsa, ya faɗi ƙasa da −2 ya rame. In ya faɗi ƙasa da −3 yana cikin tamowa mai tsanani. Wanda tsayinsa ya gaza −2 na shekarunsa ya tsumbure. A cikin yara masu ƙoshin lafiya, kimanin kashi 2.3 ne kawai ake sa ran gani ƙasa da −2, ƙasa da −3 kuwa ɗaya ne ko biyu cikin 1,000. To binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya sami kashi 37 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma kashi 57. Wadda ta san cewa 2.3 ake tsammani, ita ce za ta ji nauyin 57 a ƙirjinta.

Ranar da uwa za ta kwance goyo ta miƙo miki ɗanta, duk abin da muka faɗa zai dawo. Za ki ɗora shi a sikeli ba kaya a jikinsa. In bai kai shekara 2 ba, za a kwantar da shi a kan allon awo, wani ya riƙe kansa ya jingina da katako, ke ki miƙe gwiwoyinsa a hankali ki matso da marfin zuwa tafin ƙafarsa. Sannan ki buɗe tebur, kuma na maza daban ne, na mata daban. Yatsanki in ya zame layi ɗaya, yaron da ya kamata a fara ba abincin magani yau zai iya komawa gida hannu rabbana. Ki lura kuma da dalilin da ya sa asibiti ya fi son z a kan fasentayil: yaron da ke −3 da wanda ke −4 dukansu ƙasa da fasentayil na 1 suke, amma halin da suke ciki ba ɗaya ba ne. Kada kuma lamba ta rufe miki ido. Ki zagaya tef mai launi a tsakiyar damtsensa. Ga ɗan wata 6 zuwa 59, ƙasa da santimita 11.5 ja ne. Ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. In rami ya zauna, kumburi ne, ruwan da ke jikinsa ya ƙara masa nauyi, z ɗinsa zai iya nuna sauƙi alhali yana cikin haɗari.

Wannan ya kawo mu ga gargaɗi mafi girma. Tebur ba ya tambayar ku ko lambobinku suna da siffar tsibin nan. Duk abin da kuka ba shi zai ba ku amsa. Alhakin tambayar a wuyanku yake. Tsayin manya da kurakuran awo suna kusa da wannan siffa. Kuɗin shiga ba haka yake ba: talakawa ne jingim a gefe ɗaya, 'yan attajirai kaɗan su ja jela mai tsawo zuwa dama, su ɗaga matsakaici sama da abin da yawancin mutane ke samu. Ruwan sama na rana guda ma haka, kwanaki da yawa ba ko ɗigo, rana ɗaya a yi kamar da bakin ƙwarya. A ranar 19 ga Oktoban 1987 ma'aunin hannayen jari na Dow Jones a Amurka ya faɗi da kashi 22.6 cikin yini guda, faɗuwar da ta haura sigima 20. A lissafin tebur, ko cikin biliyoyin shekaru ba a sa ran ganin haka, ga shi kuwa ya faru a idon duniya. Teburin bai yi ƙarya ba, an kai shi ne inda ba muhallinsa ba. Saboda haka ku fara zana lambobinku a ginshiƙai ku ga siffarsu, ku gwada matsakaici da lambar da ta faɗo tsakiya in an jera su. In sun yi hannun riga, ku jera awon daga ƙarami zuwa babba ku ƙirga fasentayil kai tsaye.

Ku bambanta kuma tambaya a kan abu ɗaya da tambaya a kan matsakaicin abubuwa da yawa. Mu ce wani inji yana cika buhunan taki a kan kilo 50, sigima kilo 1. Yiwuwar buhu ɗaya ya gaza kilo 49 ita ce 0.1587, abu ne da za a riƙa gani yau da gobe. Amma in an auna buhu 16 aka sami matsakaicinsu 49, sai a raba sigima da 4, wato lambar da in an ninka ta da kanta take ba da 16. Sigima ta koma 0.25, z ya zama −4, yiwuwar ta sauka zuwa kusan 3 cikin 100,000. A nan mai dubawa yana da hujjar cewa a tsayar da injin a bincika. In kuwa samfurin kaɗan ne kuma daga cikinsa kuka ƙiyasta sigima, teburin t ne naku, wanda William Gosset ya buga aikinsa a 1908. Da awo 10, iyakar da take 1.96 tana komawa 2.262.

Kada yawan gargaɗin nan ya karya muku gwiwa. Wannan fanni yana cikin mafi daɗin sassan lissafi ga wanda ya bi shi a tsanake, kuma ƙofofin da yake buɗewa suna da yawa. Masana a cibiyar CERN da suka sanar da gano ƙwayar Higgs a ranar 4 ga Yulin 2012, da sigima 5 suka kafa hujjarsu, wato yiwuwar kusan 1 cikin miliyan 3.5 ta ganin irin wannan alama in babu komai sai dace. Jelar dama ce ta wannan tsibi da kuke zanawa a bayan littafinku. Ku yawaita gwaji da hannu har zanen ya zama ɗabi'a. In abu ya shige muku duhu ku tambayi malami ko abokin karatu, matambayi ba ya ɓata. Wanda ya gane kuma ya zaunar da na bayansa ya koya masa, domin a wurin koyarwa ne ilimi ke zama daram.

Abu na ƙarshe da nake roƙonku shi ne kada ku miƙa amsa sai kun iya faɗinta da baki a jimla guda ga wanda abin ya shafa. Ku iya ce wa uba, "'Yarka ta wuce ɗalibai 93 cikin kowane 100." Ku iya ce wa uwa, "Nauyin ɗanki ya yi ƙasa sosai da na yara masu tsayinsa, yau za mu fara ba shi magani." In jimlar ta ƙi fita, akwai sauran aiki, ku koma kan zanen. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya sa ku zama masu riƙon amanar abin da aka ba ku ku auna.